Filin Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Ruwa Yake Bin Gishiri da Sukari?

Wasiƙu huɗu da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fito daga mutanen da ba su san juna ba, wato ɗaliba da mahaifiya da manomin rani da ɗan kasuwa, amma da na jera su a gabana sai na ga duk hanya ɗaya za a bi a amsa su. Saboda haka na haɗa su a fitowa ɗaya, kuma ina roƙon mai karatu ya fara daga ta farko, domin a kanta sauran suka dogara.

Tambaya daga wata ɗaliba a Funtuwa: Assalamu alaikum, Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu na bayoloji ya fere ɗanyar doya, ya rarake cikinta kamar kofi, ya zuba ruwan sukari har rabi, ya ajiye ta a cikin kwanon ruwa. Da muka dawo bayan wasu sa'o'i, ruwan da ke cikin doyar ya hau har kusan baki, amma a doyar da aka dafa bai motsa ba. Na haddace cewa sunan abin osmosis, sai dai ban gane abin da yake tura ruwan sama ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Na ji daɗi da haddar sunan ba ta ishe ki ba, domin ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa.

Jikin doya, kamar jikin kowane abu mai rai, an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani mai zaɓen abin da zai ratsa shi. Ruwa yana wucewa cikin sauƙi, amma sukari, wanda ƙwayarsa ɗaya, wato mafi ƙanƙantar ɓarɓashinsa, ta fi ta ruwa nauyi sau 19, ba ya samun hanya. Ki tuna da rariyar tankaɗe da take barin gari ya zuba ta riƙe tsaki, ko da yake misalin bai cika ba, tunda tantanin yana tare har da sinadaran gishiri waɗanda ƙanana ne, saboda suna ɗauke da cajin lantarki kuma ruwa yana manne da su ta ko'ina.

Ƙwayoyin ruwa da na duk abin da ya narke a cikinsa ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai da komo suke. Shi ya sa idan kika ɗiga zoɓo a kofin ruwa kika bar shi, ko ba ki motsa ba jan zai bazu har ya game kofin. Haka ruwan sukarin da ke cikin doya da ruwan kwano suke neman gauraya. To, tantani ya tare sukari, kuma tunda sukari ba shi da hanyar zuwa wurin ruwa, sai ruwa ya zo wurinsa. A kowane lokaci akwai ƙwayoyin ruwa masu shiga da masu fita, sai dai masu barin ɓangaren zallar ruwa sun fi masu barin ɓangaren sukari yawa, kuma wannan rarar ce kika gani tana taruwa a cikin doyar. Wannan ketarewar ruwa ta tantani ita ake kira osmosis. Yayin da ruwan yake hawa, nauyinsa yana danno shi ƙasa, har a kai matakin da masu shiga da masu fita suka yi kunnen doki, sai hawan ya tsaya. Ƙarfin dannawar da ake bukata a ɗora wa ruwan sukari domin a hana ruwa shigowa shi ne ake kira matsin osmosis.

Wannan matsi ya fi yadda ake zato girma. A 1748 wani malamin coci ɗan Faransa mai binciken kimiyya, Jean-Antoine Nollet, ya cika kwalba da barasa, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya nutsa ta cikin ruwa, sai ya tarar tantanin ya kumburo waje saboda ruwan da ya kutsa ciki. Sunan osmosis kansa ya samo asali ne daga kalmomin da wani likitan Faransa, Henri Dutrochet, ya ƙirƙira a shekarun 1820 daga kalmar Girkanci mai ma'anar turawa. Wanda ya fara auna ƙarfin da kyau shi ne Wilhelm Pfeffer, masanin tsirrai Bajamushe, a 1877. Matsalarsa ita ce tantani yana fashewa idan matsi ya yi yawa, sai ya yi dabarar shuka tantanin sinadari a cikin ƙananan ƙofofin bangon tukunyar yumɓu, yumɓun ya zama masa madogara. Ya gano cewa giram 10 na sukari a litar ruwa, wato bai kai ƙaramin cokali uku ba, yana haifar da matsin da zai iya ɗaga ruwa kimanin mita 7, tsayin da ya wuce rufin yawancin gidajenmu.

Daga alƙaluman Pfeffer ne masanin sinadarai ɗan ƙasar Holan, Jacobus van 't Hoff, ya fitar da ƙa'idar a tsakiyar shekarun 1880, aikin da yake cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin sinadarai a 1901. Ƙa'idar ta ce matsin yana ƙaruwa gwargwadon yawan ƙwayoyin da suka narke a cikin lita ɗaya da kuma ɗumin ruwan. Ki lura da kyau, adadin ƙwayoyin ake ƙirgawa, nauyinsu da irinsu ba su da tasiri sosai. Ƙwayar gishiri ƙarama ce, kuma idan ta narke sai ta rabu biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne ana ƙirga shi da kansa. Saboda haka giram ɗaya na gishiri yana jan ruwa fiye da giram ɗaya na sukari sau 10 da ɗoriya. Ki riƙe wannan, domin ran yaro yana iya rataya a kansa, kamar yadda za ki gani a amsar da ke biye.

Ita kuwa dafaffiyar doya, zafi ya lalata tantaninta, ya zama kamar kwando, sukari da ruwa duka suna wucewa, don haka babu abin da zai taru. Idan kina son ki gani da idonki a gida, ki yanka dankalin turawa siri-siri, ki jefa rabi a ruwa zalla, rabi a ruwan gishiri mai kauri. Bayan awa ɗaya na farkon zai yi tauri har ya karye idan kika lanƙwasa shi, na biyun kuwa zai yi laushi kamar tsumma.

Tambaya daga wata mahaifiya a Haɗeja: Malam, ɗana ɗan shekara biyu ya yi gudawa, aka ba ni ƙunshin garin gishiri da sukari a asibiti, aka ce in narka shi a lita ɗaya. Surukata ta ce ruwan ya yi salam, in rage ruwa ko in ƙara sukari domin ya fi ƙarfi, wata maƙwabciya kuma ta ce lemon kwalba ya fi. Wanne ne daidai?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da aka faɗa miki a asibiti shi ne daidai, kuma ina so in ba ki hujjar da za ki kai wa surukarki cikin ladabi, domin ita ma alheri take nufi.

Abin da yake kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa a jiki. Hanji ba shi da famfon da zai zuƙi ruwa kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki sodiyam ya ketarar da shi zuwa ɓangaren jini, sai ruwa ya bi shi ta hanyar osmosis. A 1960 masanin sinadaran jiki Ba'amurke, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji da take shigar da sodiyam tare da gulukos, wato wani nau'in sukari, kuma ba ta buɗewa sai su biyun sun zo tare. Daga baya aka gane cewa wannan ƙofa tana ci gaba da aiki ko a lokacin kwalara. Ke nan sukarin da ke cikin ƙunshin abokin tafiyar gishiri ne, shi yake shigar da shi, ruwa kuma ya biyo bayansu. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis yana sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, kwalara ta ɓarke, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare, sai ya sa 'yan uwan marasa lafiya suka dinga ba su wannan haɗi a kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4.

Yanzu ga haɗarin ƙara ƙarfi. Ma'aunin yawan ƙwayoyin da suka narke a jinin mutum yana tsakanin 275 da 295. Ƙunshin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 an tsara shi ya ba da 245 idan aka narka shi a lita ɗaya, wato ya ɗan fi jini tsinkewa, domin ruwa ya karkata daga hanji zuwa jini. Kafin nan ma'aunin 311 ne, aka rage shi da gangan bayan gwaje-gwaje sun nuna cewa mai tsinkewar ya fi rage yawan bahaya da amai a yara. A cikinsa akwai giram 13.5 na gulukos, da 2.6 na gishiri, da 2.9 na sitiret, da 1.5 na gishirin fotashiyam. Idan kika narka wannan ƙunshi a rabin lita, ma'aunin ya ninka ya koma 490, ya zarce na jini nesa, sai lissafi ya juye, ruwa ya dinga fitowa daga jikin yaro zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Lemon kwalba ma haka yake, yana da sukari kimanin giram 100 a lita, gishiri kuwa kusan babu. Yawan gishiri ya fi wannan muni, domin idan sodiyam ya taru a jini yana tsotse ruwa daga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, abin da kan kai yaro ga jijjiga ko suma. Salam ɗin da surukarki ta ji alama ce ta cewa an haɗa shi yadda ya kamata.

Ki duba jikin ƙunshin kullum, domin akwai na lita ɗaya akwai na rabin lita. Ledar fiya wata mai santilita 50 guda biyu ita ce lita ɗaya. Idan ƙunshin bai samu ba, ki narka ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, idan ya yi amai ki dakata minti goma ki ci gaba a hankali, kada ki daina ba shi nono da abinci, ki zubar da abin da ya kwana ya wuni ki haɗa sabo, ki kuma ba shi ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ma'aikatan lafiya suka tsara. Idan idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko ya galabaita har ba ya kula ki, ko kika ga jini a bahayarsa, ki kai shi asibiti nan take. Ga masu jarirai kuma, maɗigar da ta faɗa lokacin gudawa shaidar ƙarewar ruwa ce, kuma abin da ake shafawa a kai ba ya mayar da ruwan da ya fita daga jiki.

Wannan lissafi ne ma ya sa ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ta jijiya ba zallar ruwa ba ne. Wanda aka fi sani yana ɗauke da giram 9 na gishiri a lita domin ya yi kusa da ma'aunin jini. Da za a ɗura zallar ruwa a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini za su sha ruwa su kumbura har su fashe.

Tambaya daga wani manomin rani a Kura: Malam, na dasa tumatir, bayan mako biyu na zuba yuriya a gindinsa. Washegari ganyen ya yi yaushi, bakinsa ya ƙone, alhali ƙasar da damshinta. Takin ne ba shi da kyau?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ina kyautata zaton takin lafiyarsa lau, wurin da aka zuba shi da yawansa ne matsalar. Saiwa tana shan ruwa ne saboda ruwan da ke cikin ƙwayoyinta ya fi na ƙasa kauri da sukari da gishiri, don haka ruwan ƙasa yake shiga da kansa. Shigar nan ce take cika ƙwayoyin ganye su yi tam kamar tayar da aka ba iska, ganyen ya miƙe. Yuriya da kamfa suna narkewa da sauri, kuma idan aka tula su a jikin dashe, ɗan ruwan da ke kewaye da saiwa sai ya fi na cikinta kauri. Nan take hanya ta juye, saiwa ta koma tana ba ƙasa ruwa, shuka ta yi ta fama da ƙishirwa alhali tana tsaye cikin damshi. Yuriya tana da wani ƙarin lahani, domin a ƙasa tana rikiɗewa ta fitar da amoniya, wadda ita ma take ƙona 'yan saiwoyi masu taushi.

Nan gaba ka tona ɗan rami kamar faɗin tafin hannu daga gindin, ka zuba kaɗan, ka rufe da ƙasa, sannan ka ba da ruwa, kuma ka raba takin kashi biyu ko uku maimakon ka juye shi lokaci ɗaya. Wanda ya riga ya yi yaushi, ka ba shi ruwa sosai ya wanke takin ya yi ƙasa da shi, wasu za su farfaɗo idan saiwar ba ta mutu ba. Ka kuma sa ido a kan farin ɓawon da kan fito a saman kunya a gonar rani da ba ta da magudana mai kyau. Gishiri ne da ruwan ban-ruwa ya bari bayan rana ta ƙafar da shi, kuma abin da tulin taki ya yi wa dashenka a dare ɗaya shi ne wannan gishiri yake yi wa gona duka a hankali cikin shekaru.

Abin da ya cuci tumatirinka shi ne masu sayar da fata da ƙirgi suke amfana da shi idan suka barbaɗa musu gishiri kafin su kai wa majema. Gishirin yana tsotse ruwan fatar da na ƙwayoyin cutar da za su ruɓar da ita. Zuma ma da wannan take kare kanta, tunda kusan kashi 80 cikin ɗari nata sukari ne, ƙwayar cutar da ta faɗa ciki bushewa take yi.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Malam, da na je Umara an gaya mini ruwan famfon Jidda da Makka daga teku ake samo shi, kuma a jikin wasu ledojin ruwa a nan gida ina ganin an rubuta cewa an tace shi ta hanyar juya osmosis. Yaya ake juya shi, kuma me ya sa ba a shan ruwan teku yadda yake?

Amsa: Alhaji, abin da aka gaya maka gaskiya ne. Tashoshin Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya suna ba Jidda da Makka da Ɗa'ifa ruwa, wasu ta hanyar tafasa ruwan teku a tara tururinsa, wasu kuma ta hanyar da ka ambata.

Litar ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, na Bahar Maliya ma ya kai wajen 40. Idan aka raba shi da ruwan daɗi da tantani mai zaɓe, ruwan daɗin zai kutsa cikin na gishiri da matsin da ya kai ninki 27 na matsin iskar da ke kanmu, wato fiye da sau goma na iskar da ke cikin tayar mota. Idan aka danna ruwan gishirin da ƙarfin da ya kai haka daidai, sai shigar ta tsaya. Idan aka zarce, sai ruwa ya koma da baya, ya ratsa tantanin ya fita, ya bar gishiri. A aikace ana amfani da famfunan da suke ba da ninki 55 zuwa 80, domin yayin da ake cire ruwan daɗi, wanda ya rage yana ƙara kauri, turjiyarsa tana ƙaruwa. Yawanci ƙasa da rabin ruwan da aka zuƙo ne yake zama abin sha, sauran a mayar da shi teku da gishiri kusan ninki biyu, kuma kowace lita 1,000 tana cin wutar lantarki yunit 3 zuwa 4.

An daɗe da sanin cewa hakan zai yiwu, abin da ya gagara shi ne tantanin da zai jure matsi kuma ya bar ruwa ya wuce da yawa. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjales su suka warware wannan wajen 1960, da suka ƙera tantani mai fatar sama siririya ƙwarai wadda ta zauna a kan wani ɓangare mai kama da soso. A 1965 garin Coalinga na Kalifoniya ya fara shan ruwan rijiyarsa mai zartsi da aka tace ta wannan hanya. Ruwan burtsatse da masu fiya wata suke tacewa gishirinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙaramin famfo yake isar su. Sai dai rubutun da ke jikin leda ba ya tabbatar da tsafta, domin tantanin yana toshewa, yana tsagewa, yana bukatar wanki da canji a kan lokaci, don haka ka duba lambar NAFDAC da ranar da aka yi ruwan.

Dalilin da ya hana shan ruwan teku kuwa yana wurin ƙoda. Ma'aunin ruwan teku ya haura 1,000, fiye da ninki uku na jini, kuma ƙodar mutum ba ta iya tara gishiri a fitsari har ya kai yadda yake a ruwan teku. Wanda ya sha kofi ɗaya, dole jikinsa ya fitar da fitsarin da ya fi kofi ɗaya kafin ya rabu da gishirin, kuma rarar daga ƙwayoyin jikinsa ake zaro ta. Irin wannan ne yake faruwa da mai ciwon suga idan sukarin jininsa ya wuce kimanin miligiram 180 a desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Ƙoda takan kasa mayar da shi duka, sai ya zubo cikin fitsari ya janyo ruwa tare da shi, mutum ya dinga tashi fitsari sau da yawa cikin dare, maƙoshinsa a bushe ko ya sha ruwa. Duk wanda ya ga haka a jikinsa ko a jikin wani na gida, ya je a auna masa suga ba tare da jinkiri ba.